KIFIN DAMINA DA YADDA YA KE ƘETARE RANI

Zuwa ga manoma, da dagatai, da masu unguwanni, da dukan wanda ya iya karatun boko. Ga labarin wani ɗan ƙaramin kifi na ƙasarmu, wanda ba a kai shi kasuwa, ba ya kuwa cika tukunya, amma yana yi wa gari aiki ba lada. Muna roƙo wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabtansa waɗanda ba su iya ba.

DAGA INA KIFIN NAN YA KE FITOWA?

Kowane manomi wanda gonarsa ta ke kusa da fadama ya san abin da za mu faɗa. Akwai kududdufi wanda ruwan sama kaɗai ke cika shi, ba rafi mai shiga, ba rafi mai fita. In kaka ta wuce sai ya ƙafe sarai, ƙasarsa ta tsattsage, awaki su yi ta tattaka shi har wata bakwai, yara su mai da shi filin wasa. Sa'an nan ruwa ya sauka, kududdufi ya cika, tun ba a gama noman firi ba sai ka ga yaran nan da ƙwarya suna kama 'yan kifaye a cikinsa. Ba wanda ya zuba su, ba kuwa hanyar da za su biyo daga kogi.

Waɗansu mutane sun ce kifin nan tare da ruwan sama ya ke faɗowa. Amma ku duba wannan magana da kyau. Da daga sama ya ke zuwa, ai da mun tsince shi a kan soro, da cikin randar da aka tara a bakin indararo, da tsakiyar gona a jigawa. Ba a samunsa a waɗannan wurare. A kududdufin da aka same shi bara, nan za a same shi bana, nan kuma za a same shi baɗi, ga kuwa wani kududdufi kusa da shi wanda hadari ɗaya ya cika su, babu ko ɗaya a ciki. Ashe asirin yana cikin ƙasar kududdufin.

Hanyoyin da kifi ke samuwa a ruwan da ya taɓa ƙafewa guda huɗu ne. Ta fari, ambaliya takan haɗa kogi da fadama, ƙananan kifaye su biyo ruwa su shigo. Ta biyu, tarwaɗa tana iya shaƙar iska, saboda haka takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare, ta tashi daga wannan ruwa zuwa wancan. Ta uku ita ce ta gaiwa, wadda kowa ya sani: in ruwa ya soma janyewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi barci har damina ta kewayo. Ta huɗu ita ce ta kifin da mu ke magana a kansa, ta kuwa fi sauran ban mamaki. Shi ba ya ƙaura, ba ya kuwa ɓuya kamar gaiwa. In ruwa ya ƙafe mutuwa ya ke yi, babba da yaro, ba mai saura. Amma kafin ya mutu ya riga ya binne ƙwansa cikin laka, ƙwan nan ne ke kwana cikin busasshiyar ƙasa rani duka. Tun da ya ke dukan rayuwarsa damina guda ce, a cikin wannan takarda za mu riƙa kiransa kifin damina.

SUNANSA DA INDA YA KE

Masanan halittu suna ba kowane irin dabba suna da harshen Latin, domin mutanen ƙasashe dabam dabam su san abu ɗaya su ke nufi. Sunan kifin nan a wurinsu Pronothobranchius kiyawensis. Kalma ta biyu ma'anarta “na Kiyawa”, gama daga Kogin Kiyawa, kusa da Katagum, aka kama waɗanda aka fara bincikawa. Wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, shi ya rubuta kamanninsa ya raɗa masa suna a shekarar 1928. Don haka duk inda aka ambaci kifin nan a duniya, an ambaci sunan wani kogi na ƙasar Hausa.

Mazauninsa shi ne ƙasashen da ruwansu ke gangarawa zuwa Tafkin Cadi, watau arewacin Nijeriya, da arewacin Kamaru, da Cadi. Yana da 'yan'uwa na kusa masu irin halinsa a Gambiya, da Gana, da Nijar. Har wa yau yana da dangi masu yawa, sun fi iri 70, waɗanda a ke kira Nothobranchius, galibinsu a gabashin Afirka da kudancinta su ke. Masana sun fi bincika waɗannan dangi, kuma da ya ke hanyar rayuwarsu ɗaya ce da ta namu, za mu kawo abin da aka gani a wurinsu inda ya kamata.

Ba a kowane irin ƙasa ya ke zama ba. Ƙasar da ya ke so ita ce baƙar laka mai danƙo, wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta kuma tsattsage in ta bushe, irin wadda mutanen Barno ke kira firgi, inda a ke dasa masakwa. Dalili kuwa shi ne, irin wannan laka ko samanta ya bushe ƙayau, cikinta yana riƙe da 'yar laima wadda ta isa ta hana ƙwai mutuwa. Rairayi ba ya riƙe laima, saboda haka kududdufin jigawa ba ya raya ƙwan. Wannan shi ya sa a kan sami kifin a kududdufi ɗaya, a rasa shi a na kusa da shi.

KAMANNINSA

Ƙarami ne ƙwarai. Wanda ya gama girma bai cika wuce inci 2 ba, watau wajen santimita 5, bai kai tsawon ɗan yatsan babban mutum ba. Jikinsa gajere ne, da ɗan kauri, yana da ƙananan ɓawo kamar na karfasa. Wutsiyarsa a kewaye ta ke, ba ta rabu biyu ba. Fiffikensa na gadon baya yana can wajen wutsiya, daidai da wani fiffike da ke ƙarƙashin ciki. Bakinsa kuwa sama ya ke duba, don ya ji daɗin cafke abin da ke yawo kusa da fuskar ruwa.

Namiji da mace sun bambanta har wanda bai sani ba ya ce iri biyu ne. Namiji ya fi girma, ya kuma sha ado: jikinsa yana ƙyalli, shuɗi-shuɗi, da ɗigo-ɗigon ja, fikafikansa manya, da ja da rawaya. Mace ba ta da ado ko kaɗan, launinta kamar na lakar da ta ke zaune a kai, fikafikanta ƙanana.

Kada a rikita shi da talibambam, wanda ya kan cika kududdufi a farkon damina. Talibambam ɗan kwaɗo ne, kai ne da wutsiya kawai, ba shi da ɓawo, daga baya ya kan fid da ƙafafu. Kada kuma a rikita shi da 'yan kifayen nan farare masu walƙiya kamar azurfa, masu wutsiya a rabe, waɗanda ke tafiya garke garke. Su ambaliya ce ke kawo su daga kogi, in ruwa ya ƙafe musu kuwa ba su barin baya.

SHEKARARSA, TUN DAGA RUWAN FARI HAR KAKA

In ruwa mai ƙarfi ya sauka, kududdufi ya cika, lakar ta jiƙe har ciki, ƙwan da ya nuna ba ya jinkiri. Cikin sa'o'i kaɗan ɗan kifi ya fasa ya fito, siriri kamar tsinken ciyawa, da ƙyar ido ke ganinsa. Nan da nan ya kama ci. A lokacin nan sabon ruwa cike ya ke da ƙananan halittu waɗanda su ma ƙwansu ya kwana cikin ƙasa, ga shi kuma manyan kifaye ba su iso ba tukuna. Saboda haka shi ke fara cin kasuwa.

Girmansa yana da sauri ƙwarai, gama ba shi da lokacin ɓatawa. Cikin makonni kaɗan ya isa haihuwa. Akwai wani danginsa a ƙasar Mozambik, sunansa Nothobranchius furzeri, wanda masana suka bi shi a kududdufan daji, suka ba da labari a shekarar 2018 cewa kwana 14 bayan ƙyanƙyashewa ya riga ya soma yin ƙwai. A cikin dukan dabbobi masu ƙashin baya, ba a san wanda ya kai shi saurin balaga ba. Ku gwada da kaza, wadda sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta fara ƙwai.

Ga yadda su ke yin ƙwai. Namiji ya kan buɗe fikafikansa ya nuna adonsa, ya kori sauran maza. In mace ta yarda sai su gangara ƙasa tare, ya rungume ta da fiffiken baya da na ciki, ya danna ta jikin laka, ta saki ƙwai guda ɗaya, shi kuma ya zuba masa ruwansa, ƙwan ya shige cikin laka. Sa'an nan su matsa gaba kaɗan su sāke. Ba su yin sheƙa, ba su kuwa gadin ƙwai kamar yadda karfasa ke yi. Mace ba ta tara ƙwanta ta zuba rana ɗaya. Kullum ta ke yi, kaɗan kaɗan, tun daga ran da ta balaga har ran da ta mutu. A wurin dangin nan na Mozambik an ga mace guda tana yin ƙwai 20 zuwa 50 a yini. Ta haka ko kududdufi ya ƙafe da wuri, an riga an ajiye wani abu a ƙasa.

Abokan gābansa suna da yawa. Zalɓe da balbela suna tsintarsa a bakin ruwa, manyan ƙwarin ruwa suna kama ƙananansa, gaiwa da tarwaɗa kuma suna haɗiye shi. Adon namiji shi ne ajalinsa, gama tsuntsu ya fi hango mai ƙyalli. Masana sun lura a kududdufan danginsa, in damina ta yi nisa mata sun fi maza yawa nesa.

In ruwan sama ya ɗauke, wajen watan Oktoba, kududdufi ya kan riƙa tsukewa kullum, kifayen su matsu wuri ɗaya, tsuntsaye su taru a kansu. Wanda ya tsira daga tsuntsu rana ta gama da shi. Ko da an ɗebe shi an sa a ruwan da ba ya ƙafewa, ba ya daɗewa, gama tsufa ke kama shi da wuri: launinsa ya kan dushe, bayansa ya tanƙware, ya mutu. Saboda wannan hali ne masana a Jamus da Italiya da Amurka su ke kiwon dangin nan na Mozambik a ɗakunan bincike, don su gane yadda tsufa ke cin jiki, gama abin da a ke jira shekaru a gani a jikin wata dabba, a jikinsa cikin watanni kaɗan a ke gani.

ASIRIN ƘWAI

Nan ne zuciyar labarin, ku saurara da kyau. Ƙwan ƙarami ne kamar ƙwayar acca, wajen milimita 1, amma ɓawonsa yana da kauri da ƙarfi fiye da na sauran kifaye. Ƙwan tarwaɗa kwana ɗaya ko biyu ya ke yi ya ƙyanƙyashe, in kuwa ya bushe ya mutu. Na kifin damina yana iya tsayawa da girma, ya yi barci watanni, sa'an nan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wani masani Ba'amurke, John Wourms, ya bayyana a shekarar 1972 cewa zango uku ne ɗan tayin irin waɗannan kifaye ke iya yada zango a cikin ƙwai.

Zango na fari tun ba a ga siffar kome ba. Muddin ƙwai yana kwance cikin jiƙaƙƙiyar laka a ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta isa, ya kan dakata a nan. In ruwa ya ƙafe, laka ta tsage, iska ta shiga, sai ya motsa. Zango na biyu shi ne sa'ad da siffar kai da ta gadon baya suka bayyana. A nan ne ya fi daɗewa, nan kuma ya fi jimrewa da zafi da ƙishi, numfashinsa ya ragu har kamar babu rai. Zango na uku kuwa ɗan kifi ya cika sarai, yana naɗe cikin ƙwai, in an duba da madubin likita a kan ga idanunsa biyu ta cikin ɓawo. Ba abin da ya ke jira sai ruwa.

To, ga wata hikima kuma. Kun san binne, yadda manomi ke shuka gero cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Kun kuma san haɗarinsa: wani lokaci ruwan fari ya kan yaudari mutane, shuka ta tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone. Manomi mai hankali ba ya juye irinsa duka a ƙasa, ya kan rage wani a rumbu saboda irin wannan rana. Haka kifin nan ya ke yi. Ƙwan uwa ɗaya ba ya nuna gaba ɗaya. Wani ya kai zango na uku, wani yana na biyu, wani ma ko ruwa ya taɓa shi ba zai fasa ba sai a jiƙo na biyu ko na uku. In ruwan fari ya yi ƙarya, waɗanda suka fito suka mutu, akwai na baya. Da wannan dabara irinsa ya ƙetare manyan fari, kamar na 1973 da na 1984, waɗanda suka karkashe dabbobi masu yawa a ƙasashen nan.

Saboda haka ku gane, busasshen kududdufi ba matacce ba ne. Rumbu ne, irin kifin baɗi yana ciki, a cikin inci kaɗan na saman laka.

GANI YA KORI JI

Wanda ya ke so ya tabbatar, ga yadda zai yi. Da damina ya lura da kududdufin da kifin nan ya ke. Da bazara, gab da saukar ruwa, ya je wurin da ruwa ya ƙare ƙafewa, ya kankaro saman laka, kaurin inci 1 ko 2, cikin ƙwarya guda. Ya zuba a kwano mai faɗi, ya kwarara masa ruwan sama ko na rijiya, ya ajiye a inuwa. Washegari ya duba da kyau ta gefen kwanon. In ya yi sa'a zai ga 'yan kifaye sirara suna motsi. In bai ga kome ba, ya tsiyaye ruwan, ya bar lakar ta sha iska mako biyu ko uku, ya sāke jiƙawa. Masu kiwon kifin ado a Turai haka su ke yi, har su kan aika wa juna ƙwan irin waɗannan kifaye ta gidan waya, cikin 'yar ƙasa mai laima. Amma a rufe kwanon da ƙyalle, kada sauro ya yi ƙwai a ciki, in an gama kuma a mai da lakar da 'yan kifayen inda aka ɗebo su.

AMFANINSA GA GARI

Abincin kifin damina ƙananan halittun ruwa ne, da tsutsotsi, da 'ya'yan ƙwari, a cikinsu har da 'ya'yan sauro. Tun shekarar 1897, sa'ad da likita Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya, aka san sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro daga mutum zuwa mutum. Sauro a ruwa ya ke yin ƙwai. Ƙwan ya kan zama 'yar tsutsa mai wutsil-wutsil, wadda tilas ta riƙa hawowa fuskar ruwa ta shaƙi iska, kuma cikin kwana 10 ko abin da ya yi kusa da haka ta zama sauro ta tashi. Kun tuna bakin kifin nan sama ya ke duba. Ga shi kuma yana cikin kududdufi tun ranar da ya cika, lokacin da ba wani kifi a ciki. Tun a shekarar 1941 wani masani, F. L. Vanderplank, ya ba da shawara a ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ke cikin Tanzaniya, a yi amfani da dangin kifin nan wajen rage sauro.

Maganar nan ba ƙarama ba ce a gare mu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa a cikin kowane mutum 100 da zazzaɓin nan ya kama a duniya, wajen 27 a Nijeriya su ke, waɗanda ya fi kashewa kuwa yara ne ƙanana.

Amma kada a ɗora wa kifi kayan da ya fi ƙarfinsa. Sauron da ya fi kawo zazzaɓi yana son ƙananan ruwaye masu shan rana: sawun kofaton shanu, da ramin da aka haƙa don ginin ɗaki, da ruwan da ya kwanta a kan hanya. Kifi ba ya zama a waɗannan. Saboda haka kifin damina mataimaki ne kawai. Kwana cikin gidan sauro, da cike ramuka a cikin gari, da kai yaro asibiti ran da jikinsa ya yi zafi, ba abin da ya maye gurbinsu.

Kada kuma wani ya ce a kawo baƙon kifi ya yi aikin. An taɓa yin haka da wani ɗan kifin Amurka mai suna Gambusia, aka rarraba shi ƙasashe masu yawa don ya ci 'ya'yan sauro. Ya ci, amma ya haɗa da ƙwai da 'ya'yan kifayen da ya tarar, har yau ana lissafa shi cikin baƙin halittu mafiya ɓarna a duniya. Na gida ya fi, gama ya san rani, ba ya kuwa bukatar a sāke zuba shi kowace shekara.

ABUBUWAN DA KE HALAKA SHI

Fari bai iya ƙare shi ba, amma mutum yana iyawa cikin rani guda.

Na ɗaya, kwashe laka. In aka kankare ƙasan kududdufi duka don tubali ko yaɓe, an kwashe rumbun ke nan. Haka kuma in aka sa garma ta kife shi da zurfi, ƙwan da ke sama ya koma ƙasa inda ɗan kifi ba zai iya fitowa ba, wani kuma ya fito fili rana ta ƙone shi.

Na biyu, dafi. Masu zuba magimfa a ruwa don su kama kifi, da masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20, suna kashe babba da yaro. In aka kashe kifin damina tun bai yi ƙwai sosai ba, an kashe na baɗi tare da shi. Sinadarin da ke cikin Gamalin 20, watau lindane, ƙasashen duniya sun amince a hana amfani da shi a gona tun 2009, kifin da aka kama da shi kuwa cuta ne ga mai ci. Wanke tankin feshi a kududdufi ma zuba dafi ne. Haka wanke gidan sauro mai magani a ciki, ko kamun kifi da shi, gama maganin da ke jikinsa yana da ƙarfi ƙwarai a kan kifi. Ku lura kuma, bayan dafi ya wuce sauro ne ke fara dawowa, ya tarar ba mai cin 'ya'yansa.

Na uku, sāke halin ruwa. Kifin nan yana bukatar abu biyu, cika da ƙafewa, kowane a lokacinsa. In aka yanke wa kududdufi hanyar ruwa, ko aka tsiyaye shi tun kifi bai balaga ba, iri ya ƙare. In kuma aka zurfafa shi har ya daina ƙafewa, manyan kifaye za su zauna a ciki su cinye shi. Manyan madatsun ruwa ma suna da nasu hannu. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992, sun amfani masu noman rani da mutanen birni, amma sun rage ambaliyar da ke malala fadamun Haɗejiya da Nguru, wuraren da a dā ke cika kowace shekara waɗansu sun daina.

ABIN DA A KE ROƘON DAGATAI DA MANOMA

1. Kowane dagaci ya san kududdufan ƙasarsa waɗanda ke da kifin nan. Yara da makiyaya za su nuna masa.

2. Masu ɗiban laka a keɓe musu gefe guda, a bar tsakiya, inda ruwa ke ƙare ƙafewa, kada a taɓa.

3. Mai noma bakin kududdufi ya bar 'yar tazara tsakanin kunyarsa da ruwa, kada taki da maganin feshi su gangara ciki.

4. A hana zuba magimfa da kowane irin maganin ƙwari a ruwa. Mai feshi ya ɗebi ruwa a bokiti, ya je nesa ya wanke kayansa, ya zubar inda ba zai koma kududdufi ko rijiya ba.

5. Gidan sauro na kwana ne. Kada a kama kifi da shi, kada a wanke shi a kududdufi.

6. Ramukan cikin gari da ƙananan wuraren da ruwa ke kwanciya a cike su da ƙasa, gama can ne sauro ke haihuwa ba mai hana shi.

7. Kada a zuba baƙon kifi a kududdufi sai an shawarci ma'aikatan kifi.

8. A gargaɗi yara kada su riƙa wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Mai son ganin kifin ya tsaya a baki ya ɗebo da ƙwarya.

Dukan waɗannan ba wanda ke cin kuɗi, sai dai lura da haɗin kai. Kududdufin da aka kiyaye lakarsa bana, shi da kansa zai fid da kifinsa baɗi. Wanda aka kwashe ko aka sa wa dafi kuwa, in ba shi da hanyar ambaliya da za ta kawo masa wani iri, ya rabu da kifin ke nan. Wanda ya ga kifin damina a ƙasarsa ya gaya wa malamin gona sunan wurin da watan da ya gan shi, wanda ya ke son ƙarin bayani kuma ya tambaye shi ran da ya zo rangadi.